Baƙar fata ba ta yin ja, to da me za a gane gyambon kwanciya?

Ranar da na fara ganin ramin da ke bayan Babanmu, Allah ya jiƙansa, sai da na fita bayan wod ɗin maza na tsuguna na yi kuka mai isata. Kusan sati uku kenan da kwantar da shi saboda shanyewar ɓarin jiki, mu duk hankalinmu yana kan hawan jinin da bakin da ya karkace, zai sake magana ko ba zai sake ba, ashe wani ciwon daban yana can ƙasa yana cinsa, daidai ƙashin nan da ke saman ɗuwawu. Wari ne ya tona asirin abin. Wata sista ce ta zo sauya masa robar fitsari, ta tsaya ta yi shiru, ta ce a kama mata shi a juya. Da aka ɗaga zanen sai ga fata ta buɗe, ciki ya yi baƙi ƙirin, kuma da suka zo wankewa suka yanke mataccen naman, ramin ya kai a sa ƙwan kaza ya zauna.

Ni 'ya mace ce, ba na buɗe Baba. Wannan kowa ya sani a gidajenmu, ni aikina kunu da wankin kaya da zaman rana, Yaya ne ke kwana, shi ke sauya masa famfas da goge masa jiki. To a ranar nan na tare shi a baranda, rai a ɓace, na ce Yaya don Allah ba ka duba bayan Baba ne? Ya ce wallahi kullum ina dubawa, da fitilar waya ma nake haskawa, ban ga komai ba, wurin dai ya ɗan yi duhu na ɗauka kwanciya ce. Na daɗe ina riƙe da shi a zuciya kan maganar nan. Sai bayan shekaru, da na yi karatun nas na zo aiki Ingila, na gane gaskiya ya faɗa min. Ya duba, babu abin da ido zai nuna masa ne.

Abin da ake koya wa kowace nas a duniya game da matakin farko na gyambon kwanciya shi ne ja. Wurin zai yi ja, ki danna da yatsa ki saki, in ya yi fari ya koma ja to jini yana gudu, in kuwa jan ya tsaya bai ɓace ba to an fara. Mataki huɗu ne, na farko wannan jan, na biyu fata ta saluɓe ko ta yi bororo, na uku ya ci har kitse, na huɗu sai kin ga tsoka ko jijiya ko ƙashi. Gaba ɗaya dabarar ta dogara ne kan a kama shi a na farko, lokacin da juyi da matashi kaɗai za su iya mayar da shi. To ku gaya min, Baba da yake baƙi wuluk irin mutanenmu, ina ja zai fito a jikinsa? A fatarmu sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi kamar shuni-shuni, ko ya yi ƙyalli, ko ya fi gefensa ɗumi ko tauri, kuma ƙarfe uku na dare a ƙarƙashin fitila mai rauni ko ƙwararriyar nas za ta iya wucewa ba ta gani ba. Hotunan da aka nuna mana a aji kusan duk na farar fata ne, har a gida Najeriya da littattafan Turawa muka yi karatu. Bincike a gidajen kula da tsofaffi na Amurka ya sha nuna cewa baƙaƙe sun fi samun gyambon, kuma ba kasafai ake kama nasu da wuri ba sai ya yi zurfi. Ana cewa ido ba mudu ba amma ya san ƙima, to a nan kam idon bai sani ba.

Shi ya sa da aka kawo wata na'urar gano gyambon kwanciya da wuri wod ɗinmu na kasa zama sai da na riƙe ta a hannuna. Sunanta SEM Scanner, sabon samfurin kuma Provizio, wani kamfani ne na Los Angeles mai suna Bruin Biometrics ke yin ta, asalin aikin kuma daga jami'ar UCLA ya fito, cikin waɗanda suka fara shi har da wata farfesar aikin jinya, Barbara Bates-Jensen, wadda ta daɗe tana bincike kan raunuka. Girmanta bai wuce rimot ɗin talabijin mai ɗan kauri ba, da ɗan zagayayyen kai a ƙarshe. Ba hoto take ɗauka ba, ba ta huda fata, ba zafi. Kina ɗora kan nata a fata na sakan ɗaya ko biyu sai ta auna yawan ruwan da ke kwance a ƙarƙashin fatar.

Dalilin auna ruwa kuwa shi ne, gyambon nan ba daga sama yake farawa ba kamar yadda muke zato. Idan mutum ya daɗe a kwance wuri ɗaya, naman da ke tsakanin ƙashi da katifa yana matsuwa, ƙananan hanyoyin jini su toshe, ƙwayoyin naman su lanƙwashe su fara mutuwa. Jiki sai ya tura ruwa wurin kamar dai yadda ƙafa ke kumbura in an gurɗe, amma kumburin ɗan kaɗan ne, a ciki yake, ido ba ya gani hannu ma ba lallai ya ji ba. Wannan ruwan na'urar ke kamawa. Ana auna wuri shida a ƙashin saman ɗuwawu, wuri huɗu a kowane diddige, ita kuma ta fitar da bambancin da ke tsakanin mafi yawa da mafi ƙanƙanta. In bambancin ya kai 0.6 ko ya wuce, to wurin nan yana cikin haɗari, a tashi tsaye. Binciken da aka yi a asibitocin Amurka da Ingila ya nuna tana iya rigan idon nas da kamar kwana biyar. Kuma abin da ya fi taɓa ni, ruwa ba ruwansa da launin fata.

Kwana biyar. Na sha lissafa wannan a kan Baba.

Akwai wani dattijo ɗan Afirka ta Yamma da aka taɓa kwantarwa a wajenmu bayan ya karye a ƙugu, mutum mai kunya sosai, in za a buɗe shi sai ya rufe ido. Na duba diddigensa na hagu da idona, na shafa, ban ga komai ba, kuma ni mai neman abin ce ba mai wucewa ba. Na'ura ta ba da lamba sama da ƙa'ida. Muka sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓarsa yadda diddigen zai rataya a iska bai taɓa katifa ba, aka sauya masa katifa zuwa ta iska, aka ƙara yawan juyi. Na ce masa Baba, ƙafar nan za mu ɗaga ta kwana biyu, ka yi haƙuri. Ya ce 'yata ai ba ta min ciwo. Na ce na sani Baba, shi ya sa. Bayan 'yan kwanaki lambar ta sauka, ya tafi gida da diddigensa lafiya. Ba zan iya rantsuwa cewa da ba a yi hakan ba da ya samu gyambo ba, amma na san abin da na ji a ƙirjina ranar da aka sallame shi.

To amma ba zan yi muku tallar kamfani ba, don akwai maganganun da dole a faɗa. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba na'urar izini a ƙarshen 2018, a matsayin mai taimaka wa duban nas, ba mai maye gurbinsa ba. Ƙa'idojin duniya kan gyambon kwanciya da manyan ƙungiyoyin Turai da Amurka da yankin Fasifik suka fitar a 2019 sun ce a iya amfani da irinta a matsayin ƙari, kuma sun ambaci masu duhun fata musamman. Amma NICE, wadda ita ce ke duba ko magani ko na'ura ta cancanci kuɗin gwamnati a Ingila, da ta zauna a kai a 2020 cewa ta yi abin yana da alamar amfani, sai dai hujjar da ke ƙasa ba ta kai a ce kowane asibiti ya saya ba, a ƙara bincike. Wasu abokan aikina haushi suka ji, ni ban ji ba. Yawancin binciken farko da hannun kamfanin a ciki, kuma da yawa irin na "kafin mu kawo na'ura ga adadin gyambo, bayan mun kawo ga adadi" ne. Duk wanda ya yi aikin wod ya san in aka kawo sabon abu, manya suna zagayawa, ana cike takardu, kowa ya farka, ko da sanda aka kawo aka ce a riƙa taɓa diddige da ita sau ɗaya a rana gyambo zai ragu, saboda an tilasta wa mutane cire safa su kalli ƙafa. Sannan tana yawan kururuwa a inda daga baya ba a ga komai ba. Masu kare ta su ce ai don an ɗau mataki ne ya sa bai fito ba, masu suka su ce ƙarya ta yi tun farko, kuma raba gardamar nan sai da bincike mai tsauri wanda ba na mai kaya ba.

Akwai kuma abin da ya faru da ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar jini. Shekara da shekaru kowa ya yarda da shi, sai a Disamba 2020, ana tsakiyar korona, likitocin jami'ar Michigan suka fitar da binciken da ya nuna yana ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da na farare. Shi da haske yake aiki, wannan kuma ba da haske ba, don haka a hankalce launi bai kamata ya dame ta ba. Amma mun ga abin da "a hankalce" ya jawo mana. Ni abin da nake nema shi ne a gwada ta a kan dubban masu fata irin tamu, a Legas da Kano da Accra da Nairobi, ba a ɗebo baƙaƙe ƙalilan a cusa cikin bincike a ce an yi ba. In har babban abin da ake tallata ta da shi shi ne tana gani a baƙar fata, to a zo inda baƙar fatar take.

Duk da haka ina goyon bayanta, kuma ba da rabin baki ba. Saboda abin da muke da shi a yanzu ga mai baƙar fata bai isa ba ko kaɗan. Muna da ma'aunan haɗari, Braden na Amurka tun 1987, Waterlow da ake amfani da shi a Ingila tun 1985, ana ba da maki kan ko mutum yana motsi, yana cin abinci, yana riƙe fitsari. Suna gaya miki wannan mutumin yana cikin haɗari, amma a wod ɗin tsofaffi kusan kowa yana cikin haɗari, ba sa ce miki diddigen hagu na mai gado na bakwai ne ya fara lalacewa yau. Kuma asarar ba ƙarama ba ce. Hukumomin lafiyar Ingila sun taɓa ƙiyasta cewa jinyar gyambon nan na cin sama da fam miliyan 3.8 a kowace rana. A Amurka alƙaluman gwamnati sun ce sama da mutum miliyan 2.5 ke samunsa duk shekara, kimanin 60,000 kuma yana zama ajalinsu. Har ta kai tun Oktoba 2008 inshorar gwamnati ta Medicare ta daina biyan asibiti ƙarin kuɗin jinyar gyambo mataki na uku da na huɗu in a gadonsu aka same shi, wato ku kuka bari ya faru ku ɗau nauyi. Ƙasashen da ke da katifar iska da injin ɗaga mara lafiya kenan fa.

Tsorona ɗaya ne, kuma na fara ganin alamarsa. Na'ura ba ta juya mutum. Za ta ba ki lamba, ki rubuta a kwamfuta, ki yi alamar an duba, shikenan takarda ta yi kyau, amma in ku biyu ne da dare a kan mutum ashirin da wani abu, wannan yana neman faɗowa daga gado, wancan ya ɓata jikinsa, waccan tana kiran 'yarta da ta rasu tun tuni, wa zai je ya juya mai lambar? Juya babban mutum da ba ya iya taimakon kansa aikin mutum biyu ne, in kika yi ke kaɗai ko ki ja shi a kan zane fatar ta goge, wanda shi ma yana kawo gyambon, ko ki karya bayanki. Ƙa'idar NICE ta ce mai haɗari a sauya masa kwanciya aƙalla duk awa shida, mai babban haɗari aƙalla duk awa huɗu, mu kuma a makaranta duk awa biyu aka koya mana, ko wanne aka ɗauka hannu yake buƙata. Idan shugabannin asibiti suka sayi na'ura don su samu hujjar rage ma'aikata, ko don in an kai su ƙara su nuna takarda, to an cuci marasa lafiya da kuɗinsu. Duk asibitin da zai saya, ya fara amsa min, in ta nuna 0.6 ƙarfe biyu na dare, wa zai zo, kuma akwai katifar da za a sauya a sito ko babu?

Na san wani zai ce ke da kika gudu kika bar ƙasar kike mana wa'azi. Maganar tana min zafi don akwai gaskiya a ciki, Najeriya tana cikin ƙasashe uku da suka fi tura nas zuwa Birtaniya a 'yan shekarun nan, tare da Indiya da Filifin, kuma duk wadda ta taho hannu biyu ne suka ragu a wani wod a gida. Sistar da ta gano ciwon Baba ita kaɗai ce a daren nan a kan wod guda, ban taɓa ganin laifinta ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, mu da muka karɓi baƙuncin taron har yau ba mu kai ba. To a irin wannan hali ba zan ce a kwashi kuɗi a sayo wa kowane babban asibitin jiha na'urar da kowane awo sai an sa mata sabon murfi da ake saya da dala ba, alhali katifar wod ta lotse har kana jin ƙarfen gado, an lulluɓe ta da leda mai tara gumi a zafin watan Afrilu. A fara da katifa da matasai da zannuwa. Amma asibitocin koyarwa, inda ake kwantar da masu karayar ƙashin baya daga haɗarin mota da masu shanyewar jiki da 'yan ɗakin kulawa ta musamman, su kam ya kamata a ce suna da ita ko guda biyu ce, su yi binciken da kansu, su rubuta abin da suka gani a fatar mutanenmu. Likitocinmu da nas-nas ɗinmu sun fi kowa cancantar su ba duniya amsar nan.

A gida kuwa, gaskiyar magana mai jinya shi ne nas. 'Ya'ya da mata da ƙanne su ke kwana a tabarma a gefen gado, kuma ba wanda ke zaunar da su ya koya musu komai. Mu ba wanda ya ce mana a juya Baba. Ya fi son kwanciya rigingine da an ɗaga kan gadon, mu kuma muna ganin hutu muke ba shi, ba mu san zamewar da yake yi a hankali zuwa ƙasa tana yage naman ciki ba. Ana cewa jiki magayi, to jikin da ya shanye ba ya gaya wa mai shi komai, ni da ke in mun gaji da ɓari ɗaya cikin barci muke juyawa ba mu sani ba, shi ba ya jin zafin balle ya motsa. Da Yaya ya ga wurin ya yi duhu, man zafi ya samu ya murza masa da ƙarfi don jini ya gudu, da kyakkyawar niyya, alhali murza wurin da ya fara lalacewa ƙara kashe shi yake yi, ƙa'idojin yanzu sun hana. Haka gashi da ruwan zafi, haka zoben nan na roba ko gammo da ake sa wa mutum ya zauna a kai, yana tara nauyin ne a gefe ya hana jini shiga tsakiya. Ga kunya, wadda ita ce ba a son a taɓo. Wurin da gyambon ya fi fitowa shi ne wurin da ba ma kallo a jikin iyayenmu. Na san gidajen da tsohuwa ta yi wata biyu a kwance ba wanda ya buɗe bayanta da rana tsaka ya duba da kyau, ana sauya zane ana kawar da kai. Addini bai hana duba al'aura don lalura ba, a samu mace ta duba mace, namiji ya duba namiji, a ja labule, amma a duba.

Baba ya yi wata huɗu da ramin nan. Hawan jinin ya sauka, har ya fara kiran sunayenmu da ƙyar, amma kullum sai an wanke ciwon, muna sayen gozi da ruwan gishiri da safar hannu, kuɗin da ya tafi a nan ya fi na maganin shanyewar jikin. Daga baya ƙwayar cuta ta shiga jininsa, zazzaɓi ya ƙi sauka, kwana shida ya cika. A unguwa cewa ake yi hawan jini ne ya kashe shi.

Satin da ya wuce 'yar kawuna ta kira ni, Inna ce ta faɗi a banɗaki ta karye, an ce ba za ta taka ba sai bayan wasu makonni. Na ce mata Larai ki saurare ni da kyau. Kullum safe da yamma ki buɗe taga haske ya shigo, ki duba diddigenta biyu da idon sawu da ƙugu da saman ɗuwawu da allon kafaɗa da ƙeya. Kada ki nemi ja, ba za ki gani ba. Ki sa bayan hannunki ki ji ko wani wuri ya fi gefensa zafi ko sanyi, ki danna a hankali ki ji ko ya yi tauri ko ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir, ki gwada hagu da dama, in Inna ta ce wuri yana mata zugi ki yarda da ita ko ba ki ga komai ba. Ki tambayi likitan ƙashin wane ɓari aka yarda a kwantar da ita, ki sa ƙararrawa a waya duk awa biyu zuwa uku, ki samu mai kama miki, ku ɗaga ta kada ku ja. Matashi a ƙarƙashin sha-raɓa, diddige a iska. In ta jiƙe a sauya nan take, a goge a hankali, a shafa man kaɗanya sama-sama ba murza ba. Ki dage mata da ƙwai da wake da kifi da nono, ta sha ruwa. Ta ce Anti duk wannan ni kaɗai? Na ce a'a, ki ba ni lambar yayyenki, yau zan kira su ɗaya bayan ɗaya a raba kwanan.